Man Kaɗen Kawu Isuhu

'Yan kabu-kabun da ke kawo tukwanen gas cikawa sun sa mini suna Mai Wankan Ƙarfe. Suna ganina da gwangwanin ruwan sabulu da buroshi ina bin tiyo, sai ɗaya ya ce wa ɗaya, "Wannan ma aiki ne? Ko ƙanwata za ta iya." Ba na jin haushi. Ƙanwar tasa za ta iya, in ta yarda ta koya. Abin da nake so ku sani, ku matasan da kuka fara zuwa neman wannan sana'a, shi ne sabulun ba shi ne aikin ba.

Wanda ya kamata ya yi muku wannan bayani Kawu Isuhu ne, wan mahaifiyata, wanda ya koya mini. Makon jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa a Bande. Shi bai yi boko ba, ni kuma lakwal ɗina, wato makaranta, a aji shida ta tsaya, don haka zan rubuta yadda na iya. Sunana Lawali. Zan faɗi yadda muka fara, da shekarar da aka rufe depon gas ɗin nan da nake aiki, lokacin da aikin Kawu da sunansa suka kusa tafiya tare.

Bari in fara da abin da muke gwadawa. Bawul ƙofa ce a jikin tiyo. Ka juya sitiyarin da ke kansa, sanda ta sauka ta toshe hanya. Ka juya baya, ta ɗaga. To sandar nan daga waje ta shiga ciki, kuma dole ta yi motsi, saboda haka akwai kafa a kewayenta. Wannan kafa ta wuyan bawul ita ake cikewa da wata igiya, a yanka ta zobe-zobe, a jera, a danne da murfi mai noti biyu. Igiyar wuya muke ce mata. Ka matse ta fiye da kima, sanda ta ƙi juyawa. Ka bar ta sako-sako, abin da ke ciki ya sulale. Tsakanin waɗannan biyun muke cin abinci.

Aikin farko da na bi Kawu, injin ban ruwa ne a wata gonar rake a fadamar Bande. Ina da shekara goma sha huɗu. Ruwa na feshi daga wuyan famfon kamar an huda salka. Kawu ya kashe injin, ya kwance murfin, ya zaro tsohuwar igiyar da wata ƙugiya da ya lanƙwasa daga wayar ƙafar keke. Ya ɗauko igiyar auduga, tufkar hannunsa, ya naɗa ta a jikin guntun icen kanya mai kaurin sandar, ya yanka da aska a karkace, don bakin zobe ya hau ɗan'uwansa. Sannan ya buɗe gwangwanin tumatir cike da man kaɗe, ya mulke kowane zobe har ya yi ƙyalli. Wajen jerawa, bakin zobe ba ya dacewa da bakin na samansa: wannan ya dubi gabas, mai bi masa ya dubi yamma. Ya ɗaure noti biyun, kaɗan nan, kaɗan can. Da suka kama, sai ya koma baya da kile, ƙarfen ɗaure noti, kamar faɗin yatsa.

Aka tada injin. Feshi ya tsaya, amma ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis.

Mai gonar ya ce, "Malam Isuhu, ai har yanzu yana yoyo."

Kawu ya ce, "Hawaye ne, ba yoyo ba. Ɗigon nan shi ke sanyaya sandar. Famfon da ba ya hawaye ƙonewa yake yi. In kana so in busar maka da shi yanzu, jibi kai za ka zo nemana da naka hawayen."

Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe gaskiya ce, a famfo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara goma sha ɗaya na bi shi a haka. Mun je Dogo-Dogo a amalanke, mun je ƙauyukan Dungas a bayan moto, wato babur, da akwatin kayan aiki a cinyata. Wani ya sallame mu da ƙunshin rake, wani da albasa. Mata a bakin rijiya ba sa raga wa mai gyara. Akwai wata tsohuwa a Dogo-Dogo da ke zama ta sa ido har a gama, in ka yi jinkiri ta ce, "Ɗan nan, tuluna ya fi ka haƙuri, amma ni ban kai shi ba." A duk wannan yanki, in famfo ya lalace, ba a cewa a kira mai gyara, sai dai a ce a kira Isuhu. Ba shi da gonar kirki, ba shi da shanu. Sunan nan shi ne abin da ya tara.

Da Alhaji Rabe, wani ɗan kasuwa, ya gina depon cika tukwanen gas a wajen garin Magarya, sai ya nemi Kawu kafin kowa. Kamfanin da ke kawo mana gas ya ce sai an tura mutum ɗaya Damagaram ya yi mako biyu yana koyon ƙa'ida. Kawu ya ce mini, "Kai ke karanta rubutun nasara, je ka. Ka dawo ka gaya mini abin da suka ce, ni kuma in gaya maka abin da ƙarfe ya ce."

A can na gane gas ba ruwa ba ne. Ruwa in ya zuba kana gani, ƙasa ta shanye. Gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi gangare, ba ka ganinsa, har ya tarar da mai shan taba ko murhun mai shayi. Ko bai kai ga wuta ba, wanda ke sulalewa kaɗan-kaɗan yana ɓata iskar da kowa ke shaƙa, shi ya sa hukuma ta sa iyaka ga abin da wuyan bawul zai fitar. Ruwan sabulu babban yoyo yake nunawa, ka ga kumfa tana tashi. Ƙaramin sai na'ura. Akwati ce mai allura da dogon baki, mu Hanci muke ce mata. A fuskarta akwai jan layi. In allura ta haye layin, sai ta yi ƙara, bawul ya faɗi.

Riƙe Hanci ma sai an koya. Da farko ka kai ta inda iska ke fitowa ta shaƙi tsabtatacciya, ka ga allura ta kwanta. Sai ka ba ta daga 'yar kwalbar gwaji, wadda aka san ƙarfin abin da ke cikinta, don ka tabbata ba ƙarya take yi ba. Sannan ka kai bakinta daidai inda sanda ta fito daga murfi, ka kewaya a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Inda allura ta motsa, ka tsaya ka jira ta gama hawa. Mai gaggawa zai wuce yoyo bai sani ba.

Masu koya mana sun kuma ba mu tasu igiyar, baƙa, mai santsi kamar cikin fensir. Suka ce a sa ta a bushe, kada a shafa mata komai. Na rubuta haka a littafina. Ban tambayi dalili ba.

Da na dawo na miƙa wa Kawu. Ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya shinshina.

"Busasshiya kamar tuwon da ba miya. Haka suka ce?"

"Haka suka ce, Kawu."

"To."

Na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin an gama magana.

Muka raba aiki. Shi ke sa igiya a bencinsa da ke rumfar baya, ni ke gwaji a layi. Bawul goma sha huɗu ne a depon, kowane da lambarsa da farin fenti. Na saba yin gwajina da sassafe, kafin kamyo, babbar motar da ke kawo gas, ya zo, kafin 'yan kabu-kabu su cika ƙofa. Lokacin iska a kwance take, ba mai kiranka, ba zafi. Kullum allura ba ta motsi. Masu kwantrol, wato masu binciken hukuma, su ma da safe suke zuwa, don su koma Damagaram kafin rana ta yi. Sau biyu suka zo, sau biyu muka wuce. Masu ƙosai da masu shayi suka fara barin icce, har daga Bande ake ɗoro tukwane a moto.

Shekara ta uku ita ce mummunar shekarar. Cikin bazara aka aiko za a zo kwantrol. Muka share fili, muka jira tun safe, shiru. Ashe taya ce ta fashe musu a hanya. Sai bayan azahar motar ta shigo, lokacin da ba ka iya ɗora hannu a kan tiyo. Wadda ta fito Madam Hadiza ce, injiniya, ba ta kai ni shekaru ba. Ta gaishe da kowa, ta ce wa Kawu "Baba", ta gwada na'urarta da kwalba yadda ya kamata, ta nufi bawul na ɗaya.

Ƙarar da na ji ban taɓa jin ta a depon nan ba. Na biyu shiru. Na uku ya yi ƙara, na huɗu ya yi. Da ta kai ƙarshe, tara daga cikin goma sha huɗun sun haye jan layi. Na ɗauko tamu Hancin na bi bayanta, ko tata ce ke da matsala. Abin da tata ta ce shi tamu ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaure bakin wurin cikawa da waya, ta sa darma, hatimin hukuma, ta ce, "Alhaji, kwana goma. Ku gyara, zan dawo. In na samu ko ɗaya sama da layi, takarda za ta tafi sama, kuma daga nan ba hannuna."

Da motarta ta fita, Alhaji ya kira ni biro, wato ofishinsa.

"Lawali, kawunka ya tsufa. Ba zagi ba ne. Ido ya ja baya, hannu ya yi sanyi. Akwai wani a Kano da aka yi mini kwatancensa."

"Alhaji, a ba ni kwana uku in gano abin da ya faru."

"Madam ta ba ni goma, kai kuma za ka ci uku a ciki."

"Ko na Kanon ya zo, in bai san dalili ba, abin da ya faru zai sake faruwa."

Ya ce, "Uku. Ran na huɗu zan buga masa waya."

Kafin magariba labari ya kai kasuwa. Washegari Hajiya Nana mai ƙosai ta zo da tukunyarta, ta tarar da ƙofa a rufe. Ta ce, "Lawali, ku kuka raba ni da icce, na ba da murhuna kyauta. Yanzu da me zan soya, da bakinka?" Wannan da sauƙi. Abin da ya fi shi ne maganar da ke yawo, wai Isuhu ya ɓata wa Alhaji depo, wai dama hannunsa ya mutu tuntuni. Wani mai lambu da ya yi alkawarin kawo injinsa ranar Juma'a bai kawo ba. Na san in aka sallami Kawu a kan wannan, ba depo kaɗai zai rasa ba. Ba mai sake cewa a kira Isuhu.

Ranar farko na gwada da safe: duk goma sha huɗun shiru, har da taran da suka faɗi. Na sake gwadawa da rana tsaka, taran nan suka yi ƙara. A nan na ga nawa laifin. Da rana ƙarfe yana buɗewa, gas ɗin da ke tanki yana ƙara ƙarfi. Shekara biyu da wani abu ina tambayar bawul a lokacin da ba abin da ke damunsa.

Amma zafi kaɗai bai isa ya kada bawul mai kyau ba, tunda biyar sun tsaya. Na duba, biyar ɗin su ne waɗanda ba a taɓa buɗewa ba tun da aka kawo su. Rana ta biyu na ce ko igiyar da muke saye ce ba ta da kyau. Na rufe layi, na fitar da gas ɗin da ke ciki, na sa wa bawul na uku sabuwar igiya daga ƙunshin nan dai, da hannuna, yadda aka koya mini. Da rana na gwada, allura ba ta motsa ba. Ke nan igiya lafiyarta lau. Saura hannu ɗaya, kuma shi ne wanda ba na so amsar ta faɗa kansa.

Ina tsugune gaban bawul na bakwai sai na lura da kiyashi. Sun yi layi daga ƙasa, sun hau tiyo, sun nufi wuyan bawul. Na duba na takwas, suna nan. Na duba na biyu, wanda bai faɗi ba, babu ko ɗaya. Kiyashi ba ya bin gas, maiƙo yake bi. Na sa kile a notin na bakwai, ya juya da sauƙi, faɗin yatsa, kafin ya kama. Na kwance, na sa ƙugiya na zaro zoben sama. Ya fito a jiƙe, yana naso. Ban buƙaci kai shi hanci ba.

Za ku ce yaya aka yi ban taɓa jin warin ba. Ina ji kullum. Kawu yana da faso a hannu, tun ina yaro man kaɗe yake shafawa. A wurina warin Kawu ne kawai.

Abin ya fito fili. Da dare man yana daskarewa ya toshe kafa, da safe in zo in shaida. Rana ta yi, ya narke, gas ya wanke shi, ga noti kuma a sake.

Rana ta uku da hantsi na same shi a ƙarƙashin dogon yaro, wajen shinge, yana wasa askarsa. Na tsuguna. Mutum ba ya buɗe baki ya ce wa wanda ya goya shi a sana'a ka yi kuskure.

Na ce, "Kawu, ina so yau ka riƙe mini Hanci, hannuna na ciwo."

"Hannunka lafiya lau. Faɗi abin da ke bakinka."

Na buɗe tsumman da na ƙunshe zoben, na ajiye gabansa. Ya ɗauka, ya murza.

"Nawa ne," in ji shi. "Kaɗan nake shafawa. Igiyar nan tasu in na sa ta haka, sai in ji kamar na tura jaki Dungas ban ba shi ruwa ba."

"Da noti kuma, Kawu."

"Me noti ya yi?"

"Kana komawa baya."

"Ni?"

Ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi. Na gane bai san yana yi ba. Hannun ne ke yi da kansa, yadda ya saba tun kafin a haife ni.

Ya ce, "Ban ƙi taka ba, amma sai na gani."

Ya sa wa na bakwai igiya irin tasa, da mai da komai, ya bar na uku yadda na yi shi. Muka jira. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, ya karɓi Hanci, karo na farko a rayuwarsa. Na nuna masa yadda ake kewayawa. A na uku allura ta kwanta. A na bakwai ta tashi a hankali, ta haye layi, ƙara ta fito. Bai janye hannu ba. Ya tsaya yana saurare har na kai hannu na kashe.

Muka koma inuwa. Na ce, "Kawu, mu canja duka mu yi shiru. Sai mu ce wa Alhaji igiyar ce ba ta da kyau."

"Mai igiyar me ya yi maka?"

Ya ci gaba da cewa:

"Kuma ka yi tunani. Duk mai gyaran famfo daga nan har Dungas da man kaɗe yake aiki, rabinsu ni na koya musu. Gobe a buɗe wani depo a ɗauki ɗayansu, da gwangwaninsa zai tafi. In na yi shiru, wa zai gaya masa?"

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki gwangwanin, ya nufi biro. Na bi shi. Ya ajiye shi a kan teburin Alhaji, ya faɗi komai, bai rage ba.

Alhaji ya dubi gwangwanin ya dubi Kawu. "Yanzu Malam Isuhu, man kaɗe ne ya rufe mini depo?"

"Man kaɗe da hannuna."

Na ce, "Da gwajin safe nawa, Alhaji. Da ina gwadawa da rana, da tun watan farko an gano."

"Kun haɗu," in ji Alhaji. "Kawu na shafawa, ɗa na shaida." Ya ɗan jima yana juya wayarsa a hannu. "Wanda ya kawo kansa ba a korar shi a tsaye. Ku gyara. In Madam ta cire darma, magana ta mutu. In ɗaya ya faɗi, Malam Isuhu, kada ka ga laifina."

Kawu ya ce, "Ba zan gani ba."

Kwana bakwai muka yi a kai, kuma a cikinsu na koyi abin da ban koya a Damagaram ba. Kowace safiya Kawu ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ba ya shafa komai sai an tashi. Kwana uku fasonsa ya buɗe, yana ɗaure yatsu da tsumma. Kowane bawul sai mun rufe gabansa da bayansa, mun fitar da gas, sannan a taɓa noti. Ya zaro tsofaffin zobba duka, har na can ƙasa da malalaci ke bari. Ya goge ramin da ƙyalle har ƙyallen ya fito fari. Ya bi sandar da farce, in farce ya maƙale, akwai karce, sai a gyara kafin a ci gaba. Yankan zobe kuwa, ban ga wanda ya kai shi ba, ko masu koya mana. Bakin ya haɗu ba ka ganin layi. Zobe ɗaya ya shiga, a danna shi ya zauna, sannan na gaba. A ɗaure noti kaɗan nan kaɗan can, don murfi kada ya karkace. A buɗe bawul a rufe sau ashirin, igiya ta zauna, a sake ɗaurewa.

Duk lokacin da noti ya kama, sai in ji ya ce a fili, "Ba baya." Da hannunsa yake magana. Ranar farko sau biyu hannun ya riga shi, ya sake daga fari. Masu gadi suka ɗauki kalmar, in ya wuce su ce, "Baba Ba-baya, an wuni lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, 'yan zaman inuwa."

Ranar goma Madam Hadiza ta iso da hantsi, iska na kaɗawa mai sanyi. Ta fito da na'ura. Kawu ya tare ta da sallama.

"'Yata, ki zauna ki sha ruwa. Ba yanzu ba."

"Baba, ni da na yi sammako don kada in sake tsayar da ku a rana?"

"Da safe kowane bawul mutumin kirki ne. Ki jira rana ta tambaye shi."

Alhaji ya jawo ni gefe, ya ce a hankali, "Lawali, kawunka so yake ya kashe ni. Mace ta zo da safe da ƙafarta."

Na ce, "Alhaji, in ta wuce mu da safe, rana ba za ta wuce mu ba."

Madam ta tambayi dalili, Kawu ya ba ta labarin, har da kiyashi. Ta yi dariya a wajen kiyashi, sauran kuwa ta rubuta a littafinta. Ta zauna. Aka kawo fura, aka yi azahar. Da ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ta tashi.

Na ɗaya shiru, na biyu shiru. Muna biye da ita. Na bakwai ta daɗe a kansa, ta kewaya sau biyu, allura ba ta motsa ba. A na goma sha ɗaya allura ta ɗaga kai, ta hau, ta tsaya ƙasa da jan layi.

Ta ce, "Ya wuce. Bai kai ba."

Kawu ya ce, "A takarda ya wuce. Ba ni hanya."

Ya sa kile, ya ja kaɗan a dama, kaɗan a hagu. Ya ce, "Ba baya." Ta sake kai bakin na'urar, allura ta sauka ta kwanta.

Da ta gama na goma sha huɗu, ta ɗauko almakashi ta yanke wayar, ta miƙa wa Kawu darmar a hannu. Da la'asar na ji Alhaji yana waya yana ba mutumin Kano haƙuri. Ran Juma'a mai lambun nan ya kawo injinsa. Tun daga lokacin Madam ba ta zuwa kwantrol sai bayan azahar, ko'ina ne. Wani abokin sana'a ya taɓa ce mini, "Ku ne kuka koya mata wannan mugun hali." Na ce mu ne.

Kawu ya ƙara shekara huɗu a depo. Ranar kasuwa yana zagaya masu gyaran famfo, yana gaya musu da bakinsa abin da ya yi, don kada su yi. Bai daina amfani da man kaɗe a famfo ba, kuma bai kamata ya daina ba. Abin da yake cewa shi ne, kafin ka buɗe gwangwani, ka tambayi abin da ke cikin tiyo.

Ciwonsa bai daɗe ba. Bayan rasuwa iyalinsa suka aiko mini da akwatin. Ƙugiyar tana ciki, da askar, da icen kanya, da darmar nan a ƙulle cikin tsumma. Gwangwanin ma yana nan, saura rabi, da sawun yatsunsa biyu a tsakiya. Daga gefe nake ɗiba.

Yanzu ana maganar buɗe wasu ƙananan depo a yankin nan, kuma kowane zai buƙaci mai sa igiya da mai gwaji. Aiki ne da mutum zai riƙe gida da shi ba tare da ya ƙetare iyaka ba. Mutum huɗu suka rubuta suna wurina, biyu mata ne daga Dungas, kuma akwai wuri. Zan nuna muku yankan zobe yadda aka nuna mini, duk da hannuna bai kai nasa ba. In na ce a yi abu kaza, ku tambaye ni dalili. In ban sani ba, mu nema tare.

Wanda ke so ya fara, ya zo ran Asabar. Kada ku yi sammako. Ku ci abinci, ku yi azahar, ku zo da malafa.